AMSOSHIN WASIƘUNKU: Faston da ya rubuta ƙamus ɗin Hausa, da yaron da ya koya masa

   

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Ƙiru, ya kuwa roƙi kada a ambaci sunansa. Ya ce yana da ɗa a kwalejin horon malamai yana karatun Hausa, shi yake sayar da hatsi yana biya masa kuɗin makaranta. Da yaron ya zo hutu sai ya zo da wani ƙaton littafi, ya ce ƙamus ne, a cikin hira kuma ya gaya wa mahaifin nasa cewa waɗanda suka fara tattara kalmomin Hausa a ƙamus 'yan mishan ne, limaman Kirista. Dattijon ya ce tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba. Tambayarsa uku ce. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me suke nema da harshenmu? Kuma ya ci gaba da biya wa yaron wannan karatu, ko kuwa ya sa shi ya sake wani fanni?

To, Baba, mun gode da wannan tambaya, don na san ba kai kaɗai take damu ba. Amsa a taƙaice ita ce yaronka bai yi maka ƙarya ba. Amma abin da ya faɗa maka rabin labari ne. Ka ba ni aron kunnenka in kawo maka ɗaya rabin, sannan ka yanke shawara da kanka.

Da farko dai a san cewa ba Turawa ne suka fara rubuta Hausa ba. Tun kafin su zo malamanmu suna rubuta ta da ajami, wato da baƙaƙen Larabci. Mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi waƙoƙin wa'azi da Hausa, 'yarsa Nana Asma'u ma ta yi nata. Abin da baƙin suka fara shi ne rubuta ta da baƙaƙen boko, da jera kalmominta bi da bi a littafi tare da ma'anarsu, da fitar da ƙa'idojin nahawunta. Wanda kuwa ya buɗe wannan hanya shi ne wani fasto mai suna James Frederick Schön. Mu kira shi Shon don sauƙin faɗa.

Shi Shon mutumin Jamus ne, an haife shi a yankin Baden a farkon shekarun 1800. Ya yi karatun aikin mishan a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya ƙarasa a Landan, sannan ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta aike da shi Saliyo a 1832. Za ka ce, ina Saliyo ina Hausa? Ga dalilin. A 1807 Ingila ta hana mutanenta cinikin bayi ta teku, daga baya jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen da suka ɗauko bayi, suna sauke mutanen a Firitawun, babban birnin Saliyo, suna 'yanta su. A cikin waɗannan bayin Allah akwai Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari, akwai kuma Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙe aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har bakin teku. A bakin waɗannan 'yantattun bayi Shon ya fara jin Hausa. Ka ga ke nan malamansa na farko talakawa ne irinmu, waɗanda ƙaddara ta raba da garuruwansu.

A 1841 gwamnatin Ingila ta shirya wata babbar tafiya a kogin Kwara da jiragen ruwa 3, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a bar cinikin bayi a koma cinikin amfanin gona. Ƙungiyar mishan ta sa mutanenta biyu a ciki, Shon da wani malamin makaranta Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓi ya auka wa Turawan, aƙalla 40 daga cikinsu suka mutu. A lokacin ba a gano cewa sauro ne ke kawo cutar ba, suna ɗora laifin a kan iskar fadama. Jirgin da ya fi nisa ya kai Eggan a ƙasar Nufe, daga nan ya juya da majinyata. Iyakar kusantar Shon da ƙasar Hausa ke nan. Har ya bar duniya bai ga ganuwar Kano ba, bai ga Katsina ba, bai taɓa shan furar ƙasar nan ba.

Amma ya koma da abu biyu a ransa. Na ɗaya, ya ga Bature ba ya iya jure wa zazzaɓin ƙasar, saboda haka ya ba shugabanninsa shawara a horar da 'yan Afirka su yi aikin da kansu. Bayan haka ne aka naɗa Crowther limamin coci a 1843, ya zama bishop a 1864. Na biyu, ya lura cewa a kasuwannin bakin kogi akwai fatake masu jin Hausa ko'ina, wanda ya iya ta zai yi magana da ƙabilu da yawa. A 1843 ya buga ɗan littafinsa na farko na kalmomin Hausa da taƙaitaccen nahawu.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu, Baba, ba kuwa zan ɓoye maka ba. Abin da yake nema shi ne ya fassara littattafan addininsa zuwa Hausa don ya jawo Hausawa cikin Kiristanci. Shi kansa bai ɓoye wannan ba, aikinsa ke nan, don shi aka aiko shi. Ya fassara Linjilar Matiyu da ta Luka da littafin Farawa da wasu sassa na Baibul. Nahawu da ƙamus kayan aiki ne ya tanada wa 'yan mishan da za su biyo bayansa, kamar yadda manomi yake gyara garma tun da bazara.

Rashin lafiya ya kore shi daga Saliyo a 1847, ya koma Ingila ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham. Ga shi yana son ya ci gaba da aikin Hausa, ga shi kuma ba Bahaushe ko ɗaya a kusa da shi. Haka ya zauna shekara da shekaru, sai Allah ya kawo masa wani yaro har ƙofar gida.

Sunan yaron Dorugu. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Ɗan manoma ne. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta yawo da shi har Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya ɗauke su. Wannan Barth shi ne wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, wanda ya zo Kano a 1851 ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta.

Ku dubi irin tafiyar da yaron nan ya yi. Daga Kukawa suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka isa Tambutu a 1853. Suka dawo ta Kano a 1854, suka koma Kukawa, suka ratsa hamada har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, a watan Satumba na 1855 suna Landan. Duk wannan Dorugu bai wuce shekara 16 ba ko kusa da haka. Barth ya shirya mayar da su gida, amma Shon da ya ji labarin akwai masu jin Hausa a Ingila sai ya yi ta ƙoƙari har suka koma gidansa a 1856, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Abbega bai daɗe ba ya komo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna gidan Shon har 1864, wajen shekara 8. A can aka yi masa baftisma aka sa masa suna James Henry.

To, a cikin shekarun nan aka yi ainihin aikin. Ga dattijo mai shekara hamsin da ɗoriya riƙe da alƙalami, ga yaro ɗan ƙauye yana magana, dattijon yana rubutawa yana tambaya. Yaya kuke cewa kaza? In mace ce fa? In suna da yawa fa? Dorugu ya ba shi tatsuniyoyi da karin magana, ya ba shi labarin rayuwarsa tun daga ranar da aka kama shi, da garuruwan da ya gani, har da yadda ya ga Turawa suna zama cin abinci, abin da ya ba shi mamaki kamar yadda namu yake ba su. Daga wannan zama Shon ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da wani littafi mai suna Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. Masana sun ɗauki labarin nan a cikin rubutun zube na Hausa mafi daɗewa da aka buga da baƙaƙen boko.

Shon ya sami yabo. Faransawa sun ba shi lambar girma ta nazarin harsuna a 1877, Jami'ar Okasfod ta ba shi digirin girmamawa a 1884, ya rasu ran 30 ga Maris 1889. Dorugu fa? Ya komo ya yi aikin tafinta wa Turawa shekaru da dama. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A nan Kano ya rasu a 1912. Sunan Shon ne a bangon littattafan, amma Hausar da ke ciki ta Dorugu ce da ta 'yantattun bayin Saliyo. A 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fitar da labarin Dorugu da Turanci don duniya ta san shi.

Aikin Shon kuwa yana da giɓi, kuma duk wanda ya ji tarihinsa zai gane dalili. Kunnen Bature bai saba da wasu sautukanmu ba. A yawancin rubutunsa bai raba baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata. Bai nuna karin sauti ba, wato hawa da saukar murya da ke raba kuka ta miya da kuka na hawaye, ko fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Ku manoma kun san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun. Bayan haka, harshe gari guda ne, ba a ɗebe shi duka daga bakin yaro ɗaya da ya bar gida yana ƙarami. Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike.

Wanda ya zo da kansa shi ne wani faston kuma, George Percy Bargery, mutumin Ingila. Ya fara da aikin mishan, daga baya ya koma ma'aikatar ilmi ta Jihar Arewa. Ya shafe shekaru yana zaga ƙasar Hausa, yana zama da malamai da masu sana'a yana tambaya, har ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1934, mai kalmomi fiye da 39,000, da alamun karin sauti da tsawon wasali. Ina kyautata zaton shi ne ƙaton littafin da yaronka ya zo da shi, ko kuwa ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo bayansa. Ni ma a kwalejin horon malamai na fara buɗa shi, na kuwa ji kunya, don na tarar da kalmomin da kakata take faɗa muna yi mata dariya, ashe mu ne ba mu sani ba. Bayan shi R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949, a bangon bugun farko har da sunan abokin aikinsa Malam Mai Kano.

Baba, ban ga laifinka ba da ka yi tsaki da jin sunan mishan, domin abin yana da tushe a tarihin ƙasar nan. A 1900 wata ƙungiyar 'yan mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Likita Walter Miller, ta iso Kano ta hanyar Zariya, Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, ya ƙi ba su wurin zama. Shekara 3 bayan haka, a farkon Fabrairu 1903, sojojin Turawa suka taso daga Zariya, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, mutane suka mutu, sannan suka wuce suka ci Kano. Mutanen da suka ga mai littafi ya wuce, ba a jima ba mai bindiga ya biyo, ba za a ce sun yi wauta ba in sun haɗa su a kwando ɗaya. Daga nan ne ƙyamar boko ta samo ƙarfi. Amma ka dubi inda abin ya ƙare. Miller ya zauna Zariya, aka kafa Wusasa, aka buga Baibul na Hausa a 1932, akwai kuma 'yan'uwanmu Hausawa Kirista da muke zaune da su, muna cin kasuwa ɗaya a Tudun Wada da Doguwa. Duk da haka mafi yawan Hausawa suna nan kan addininsu na Musulunci. Baƙaƙen bokon kuwa sun zama namu. Da su Abubakar Imam ya riƙa rubuta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da su ake buga littattafan fiƙihu da tarjamar Alƙur'ani mai girma da Hausa, da su kuma kai kanka ka sa aka rubuto mana wannan wasiƙa.

Kafin in zo ga tambayarka ta uku, bari in haɗa da wata wasiƙa da ta daɗe a hannuna, don amsarsu ta haɗu a hanya. Wani mai sayen tumatir daga Bebeji, wanda yake kai kaya Kwanar Gafan, ya tambaya ko sunan tumatir Hausa ne. Malam, ba Hausa ba ne, ba kuma asalin Turanci ba ne. Ya fito ne daga wani harshe da ake kira Nawatil, harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko, can nahiyar Amurka. Su suke cewa tomatl, mutanen Sifen suka ɗauka, Ingilishi suka karɓa daga wurinsu, mu kuma muka karɓa muka gyara shi daidai bakinmu. Sunan cakulan ma daga wajensu ya biyo.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, su ma mutanen Nawatil abin da ya same mu ya same su, tun shekara 300 kafin namu, nasu ma ya fi muni. Sojojin Sifen sun ci babban birninsu a 1521. A 1529 wani fada na ɗariƙar Katolika, Bernardino de Sahagún, ya sauka a ƙasar, ya zauna fiye da shekara 60 har ya mutu a 1590. Ya koyi harshen ya ƙware. Niyyarsa ita ce ya san addinin gargajiyar mutanen ciki da waje don a tumɓuke shi, ya ɗauki kansa kamar likita da ke son sanin cuta kafin ya ba da magani. Sai ya riƙa tara dattawan gari yana yi musu tambayoyi, ɗalibansa 'yan ƙasa, waɗanda suka iya Nawatil da Sifananci da Latin, suna rubuta amsoshin. Suka tattara littafi 12 a kan tarihi da noma da kasuwanci da magunguna da tsirrai da dabbobi da yadda iyaye suke yi wa 'ya'yansu nasiha, da zane-zane fiye da 2,000 da 'yan ƙasar suka yi. A 1577 Sarkin Sifen ya ba da umarni a karɓe rubuce-rubucen, don ana tsoron za su tuna wa mutane al'adunsu. Littafin ya tsira, yana ajiye a birnin Fulorans na Italiya. A yau masu magana da Nawatil sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma wanda yake son sanin yadda kakanninsa suka rayu a cikinsu, littafin nan yake nema. Fadan ya rubuta don a kawar da abin, sai rubutun ya zama shi ne ma'ajinsa. A can ma sunan baƙon ne ya yi fice, amma dattawan da suka yi magana da yaran da suka riƙe alƙalami su ne masu ilmin.

To, Baba, ga shawarata a kan yaronka. Hukuncin addini ba nawa ba ne, kana da malamai a Ƙiru, ka tambaye su. Ni dai abin da na sani a matsayina na wanda ya taɓa riƙe alli shi ne, ƙamus ba littafin wa'azi ba ne. Rumbu ne da aka zuba kalmomi. In ka buɗa za ka ga sungumi da magirbi da taiki da mangala, ba abin da aka ƙara musu. Hatsin naka ne, ko da baƙo ne ya fara gina rumbun. Yanzu ma ginin ya dawo hannun masu shi, domin a 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda yake bayyana Hausa da Hausa, 'ya'yan ƙasa ne kuma suka yi shi. Irin wannan aiki yaronka yake koyo. In ka janye shi, ka rage mana mutum ɗaya, aikin kuwa sai ya jira wani baƙon.

Aikin kuwa bai ƙare ba, a nan ne ma abin ya shafe ku duka, jama'a. Harshe yana tafiya tare da sana'a, in sana'a ta sauya sai kalmominta su bi ta. Yau yaro yana fesa maganin ciyawa, ina zai san bambancin firi da maimai? Wanda ya tashi ya ga tarakta da injin casa, wa zai gaya masa yadda ake kiran gayya, ko abin da ya raba gandu da gayauna? Tun da mota ta karɓi aikin jaki, madugu da jagaba da zango sun koma sunayen mutane da na unguwanni, ayari kuwa sai a labari. A cikin dajin Falgore akwai itatuwa da saiwoyi da tsofaffin mafarauta da masu magani kaɗai suka san sunansu da amfaninsu. A Riruwai akwai kalmomin masu haƙar kuza. Akwai sunayen irin dawa da gero da maiwa da dauro da kowane yanki yake da nasa, waɗanda sabon iri yake turewa. Duk tsohon da aka kai makwancinsa, akwai kalmomin da aka rufe tare da shi, in ba a rubuta ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kai Baba, in yaron ya sake zuwa hutu, ka sa ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ku zauna bayan sallar isha'i. Ka faɗa masa sunan kowane kayan aiki da ke cikin gidanka, da kowane irin ƙasa da ke gonarka, jigawa ce ko fadama ko fako, da alamun da kake gane saukar damina da su, da sunayen cututtukan dabbobi da abin da ake ba su. Ya rubuta kalmar, ya rubuta yadda ake sa ta a magana, ya rubuta garin da ranar. In yana da wayar hannu ya ɗauki muryarka, don karin sauti ya fito, kada a maimaita giɓin Shon. Ya je wurin iyayensa mata su ba shi na kicin ɗinsu da na daka da na saƙa da na goyo, domin rabin harshe yana hannun mata. Sannan ya duba ƙamus ɗin nan nasa ya ga wace ce babu a ciki. Na tabbata zai samu, ya kai wa malamansa. Abu ɗaya kawai zan ƙara: ya rubuta sunanka a gaban littafin, da na duk wanda ya ba shi kalma. Kada a sake yin irin ta Dorugu, mai magana ya yi shekara 100 kafin a waiwaye shi.

Ku ma sauran masu sauraro, manoma da 'yan kasuwa da maƙera da masu jima, duk wanda yake da wata kalma ta sana'arsa da ya ga yara sun daina faɗa, ya rubuto mana ita da ma'anarta da sunan garinsu. Wanda bai iya boko ba ya rubuto da ajami, za mu karanta. Za mu riƙa ware 'yan mintoci a ƙarshen shiri muna karanta su, mu ji ko mutanen Bebeji da na Doguwa suna kiran abu da suna ɗaya.

Baba na Ƙiru, ina fata na amsa maka. Ka gaishe da yaron, ka ce masa ya dage, ya kuma riƙa kawo maka labari cikakke. Malam na Bebeji, Allah ya kawo kasuwa, ya tsare tumatir daga tsutsa da faɗuwar farashi. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, ba mu manta ba.